Ladingo da Tukwanen Gobe

A wani zamani da ya daɗe da shuɗewa, can bayan duwatsun da fatake ba sa ratsawa, an yi wani gari da ake kira Tudun Kanya. A tsakiyar garin akwai wata rijiya mai magana. Kullum da sassafe mai gari zai zo bakinta da jama'arsa ya yi sallama, sai wata murya ta taso daga ƙasa ta faɗi duk abin da zai faru a ranar: wanda akuyarsa za ta haihu, gonar da ruwa zai fara sauka, har wanda zai yi tuntuɓe a bakin kasuwa. Ba ta taɓa kuskure ba. Muryar ta wani aljani ce mai suna Tabbatau, wanda kakannin garin suka ƙulla alkawari da shi. Ba ya karɓar jini, ba ya karɓar hatsi. Tukwane kawai yake so, masu murfi, dukansu iri ɗaya, a zura masa su cikin rijiyar duk bayan kaka.

Mutanen Tudun Kanya ba su san yunwa ba, ba su san gobara ba, ba su taɓa ganin baƙo ba. Waƙarsu ɗaya ce, ita ake yi a biki, ita ake lallashin jariri da ita. Yaran garin ba sa tambaya, don ba abin da za a tambaya.

Mai gina wa aljanin tukwane wata mata ce ana ce mata Ladingo. Sana'ar ta gada wajen uwarta, uwar kuma wajen tata uwar. Mijinta Nomau ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Kuluwa. Ladingo gwana ce, sai dai hannunta ba ya jin magana. Za ta fara tukunya yadda aka saba, kafin ta ankara wuyan ya miƙe kamar na tulu, ko baki ya rabu biyu. Sai ta yi maza ta murƙushe yumɓun kafin wani ya gani, ta wuni ranta a ɓace ba ta san dalili ba.

Ana nan Kuluwa ta yi aure ta sami ciki. Watan haihuwa ya zo ya wuce. Damina ta ƙare, aka yi girbi, ciki yana nan. Kuluwa ta rame, ƙafafunta suka kumbura, ko kunu ba ya zama a cikinta. Kullum Ladingo tana bakin rijiya tana sauraro, rijiya ta faɗi na kowa, ba ta ambaci Kuluwa ba.

Ranar da za a zura tukwanen shekara, Ladingo ta ratsa maza ta durƙusa gaban mai gari Barmo.

"Ranka ya daɗe, a tambayar mini shi yaushe 'yata za ta sauka."

Barmo ya dube ta kamar ta yi saɓo. "Ba a tambayarsa, Ladingo. Shi ke faɗi, mu kuwa mu ji. Haka muka taras."

Ta miƙe, ta dafa bakin rijiyar, ta leƙa. "Tabbatau, ni ce Ladingo mai gina maka tukwane. Yaushe Kuluwa za ta haihu?"

Rijiya ta yi tsit. Mutane suka ja da baya.

"Kin ga irinta ko?" in ji Barmo. "Koma gida ki yi haƙuri, kada ki jawo mana abin da ba mu sani ba."

"Haƙurin nan shi ke kashe 'yata, ranka ya daɗe. In ba zai amsa mini daga nan ba, zan same shi har ɗakinsa."

Dama ta ƙulle curin yumɓu a gefen zaninta, don ba ta zuwa ko'ina ba shi. Ana zura kwandon tukwane na ƙarshe ta kama igiyar da hannu biyu ta bi shi. Ta ji Barmo yana kiran sunanta, har muryarsa ta ƙanƙance ta ɓace.

Ruwan rijiyar ya dare mata kamar labule. Ta faɗo kan wani farin yashi mai faɗi, rana tsaye a hantsi ba ta motsi. Tukwanen da aka zuro sai ga su sun jeru suna gangarawa da kansu, ɗaya bayan ɗaya, a kan wata hanya da aka shimfiɗe da sawun ƙafa, kowane sawu daidai da ɗan'uwansa. Wata murya ta fito daga cikin yashin ta ce, "Ya ke 'yar Adam, sa ƙafarki inda aka sa, za ki tsira."

Ladingo ta bi sawun. Ta yi ta tafiya har cinyoyinta suka yi tsami, sai ta ga ta dawo daidai inda ta faɗo, ga ramin da gwiwarta ta yi a yashi. Tukwane kuwa sun yi nisa. Ta tsaya ta dubi sawun nan, ta tofar da yawu, ta sauka daga kan hanyar. Yashi ya haɗiye ta har gwiwa. Ta ciro ƙafa ta sake jefawa, ya kai ta ƙugu. Muryar tana ta cewa ta koma, ita kuwa tana ta kutsawa da rarrafe, har ta ji tsakuwa a ƙarƙashin tafin hannunta. Da ta ɗaga kai sai ta ga ta fito bakin wani kogi.

Kogin nan hawa yake yi, ba gangara ba. Ruwansa baƙi ƙirin yana bin dutse yana yin sama, cikinsa cike da fararen kadoji masu fuskar mutane. A bakin mashigi wani dogon aljani yana zaune cikin kwalekwale, wuyansa kamar na zalɓe, idonsa ɗaya tak a tsakiyar ƙirji.

"Ya ke 'yar Adam," in ji shi, "wace buƙata ta kawo ki ƙasar da ba a zuwa da ƙafa?"

"Ya kai ma'abocin wannan mashigi, amincin Allah ya tabbata ga mai gaskiya. Gidan Tabbatau nake nema, ka haye da ni."

"Ladan hayewa tsada gare shi. Ina nan tun kafin a sa wa duwatsu suna. Na ga zinariya, na ga kawunan sarakuna, na ga hawayen masu rantsuwa. Duk na gani, duk sun gundure ni. Ba ni abin da idona bai taɓa gani ba, in haye da ke. In kin ba ni abin da na sani, in ba waɗannan ke."

Kadojin suka matso suka jera haɓarsu a bakin gaɓa.

Ladingo ta zauna a ƙasa ta kwance gefen zaninta. Ta ɗebi ruwan kogin ta jiƙa yumɓun. Duk tsawon rayuwarta tana tsawata wa hannunta, yau sai ta sake shi. Ba ta san abin da zai fito ba. Ciki ya fito kamar na kurciya, wuya ya miƙe ya lanƙwashe, baki ya rabu biyu, ta huda ramuka a gadon bayansa don kawai yatsanta ya so haka. Ranar ƙasar nan ta gasa shi nan take a tafin hannunta. Iskar kogi ta shiga ta baki guda ta fita ta ramukan, sai abin ya yi wani kuka mai daɗi, siriri, yana hawa yana sauka, wanda ya sa tsigar jikin Ladingo kanta ta tashi.

Aljanin ya sunkuyo da dogon wuyansa. Ya daɗe yana kallo. "Mene ne sunan wannan?"

"Ba shi da suna tukuna. Yanzu ya zo duniya."

"Me ake yi da shi?"

"Ni ma yanzu nake ganinsa, kamar kai."

Ya karɓa da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri. "Shigo, ya ke mai hannu. Na rantse da wanda ya halicce ni daga wuta, na manta yadda mamaki yake sai yau."

Kwalekwale ya hau dutse da su. Kadojin da suka saba kife shi suka biyo baya a hankali, kunnuwansu a wajen kukan abin nan. Da suka kai ƙetare, aljanin ya ce, "A gabanki akwai filin ƙore. Ki wuce idonki a sama. Wanda ya leƙa ba ya tashi."

Filin kuwa ya fi ƙarfin ido. Ko'ina ƙwarya ce cike da ruwa, gaban kowace ƙwarya mutum zaune ya sunkuya yana murmushi. Daga ƙugu zuwa ƙasa duk sun zama laka busasshiya, wasu har wuya. Ladingo ta ɗaga kai ta yi ta ratsa su. Tana tsakiyar filin sai ta ji an ce, "Ladingo, kawo mini ruwa mana."

Muryar Nomau ce. Ba ta san lokacin da ta durƙusa ba. Ga shi nan cikin ƙwarya da ƙuruciyarsa, ya dawo daga gona yana wasa da Kuluwa tana jaririya a gindin kanyar gidansu. Ya ɗago ya yi mata dariya. Ruwan ya motsa, Nomau ya sake dawowa daga gona, ya sake ɗaga Kuluwa, ya sake yin dariyar. Daɗi ya rufe ta, irin wanda ta manta akwai shi. Ta kalla ta sake kalla. Can sai ta lura jaririyar nan ba ta girma. Kuluwarta kuwa ta girma, tana kwance a ɗaki da ciki ya ƙi sauka.

Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafunta suka ƙi. Laka ta riga ta kama su har ƙwauri.

"Zauna mana," in ji Nomau na cikin ƙwarya. "Ina za ki?"

"Allah ya ji ƙanka, Malam," ta ce, hawaye na zuba. "Wannan ranar mun riga mun ci ta."

Ta kife ƙwaryar. Ta ɗauki dutse ta dinga dukan lakar ƙafarta har ta tsage, ta fizge ƙafafun, fata ta saluɓe, farce ya fita. Ta tafi tana ɗingishi, jini na bin sawunta.

A ƙarshen filin ta tarar da wani rumbu wanda ba a ganin ƙarshen tsawonsa. Ta shiga. Tukwane ne jere a kan tukwane, hagu da dama, sama da ƙasa, kowace an liƙe murfinta da kakin zuma. Ta gane hannunta a jikin wasu, ta gane na uwarta, ta ga wasu tsofaffi da ba ta san maginansu ba. A tsakiya wani ɗan tsurut ɗin tsoho yana zaune cikin farar riga fes, yana liƙe murfin sababbin da suka iso. Idanunsa ba sa ƙiftawa. Da ya gan ta sai kakin ya faɗi daga hannunsa.

"Ya ke 'yar magina, ban yi zaton ki ba."

"Kai ne Tabbatau?"

"Ni ne."

"Kai da ka san komai, ba ka san zan zo ba?"

Tsohon ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Allah kaɗai ke ganin gobe. Ni ban taɓa ganinta ba. Ina tsaye ne a kan hanyar da take biyowa zuwa garinku. Duk abin da ya taho ban san shi ba, in cafke in rufe a tukunya. Abin da ya yi kama da jiya, in bar shi ya wuce, shi ne nake faɗa muku da safe."

Ladingo ta juya ta dubi tukwanen nan da ba sa ƙirguwa. "Haihuwar 'yata fa?"

"Abin da ke cikinta bai yi kama da kowa da aka taɓa haifa a garinku ba. Na duba na sake dubawa, ban gane shi ba. Na rufe ranar zuwansa."

"A wace tukunya?"

"Ba na sa alama. Abin da aka rufe ba don a buɗe aka rufe shi ba."

Ta kara kunne a jikin wata tukunya, ta ji ana gunji. Ta kara a wata, ta ji kamar dariya, kamar kuma kuka. Wata shiru, amma da ɗumi kamar jikin mai rai.

"Saurara, ya ke 'yar magina," in ji Tabbatau, "kada ki ɗauke ni azzalumi. Ba ni na nemi kakanninki ba. Su suka zo bakin rijiyata a shekarar da fara ta cinye hatsi, mahara suka ƙone abin da ya rage. Sun zo da gawar 'ya'yansu a baya. Kakarki ta farko tana kuka ta gina mini tukunyar farko, ta ce in tsare musu duk abin da ba su sani ba. Na cika alkawari. A cikin waɗannan akwai fara, akwai annoba, akwai wuta da ambaliya. Ga abin da zan yi miki. Koma gida. Zan shafe cikin 'yarki kamar ba a taɓa yin sa ba, ta tashi gobe garau, ta tsufa a gabanki. Ki bar mini tukwanena a rufe."

Ladingo ta ga Kuluwa a ranta ta miƙe tana daka, kumburin ya saɓe. Ba ƙaramin abu aka miƙo mata ba, ta kuma san haka. Ta dubi hannuwanta, yumɓun bakin kogi bai gama bushewa a cikin farcenta ba.

"Ya kai Tabbatau," ta ce, "ban zargi kakannina ba. Sun ga abin tsoro, sun ji tsoro. Amma su sun ga duniya kafin su rufe ƙofa. Mu a rufe aka haife mu, ba wanda ya tambaye mu. Ka tsare mana annoba, na ji. Waƙoƙinmu nawa ne a nan? Baƙi nawa? 'Ya'ya nawa ka shafe kafin na Kuluwa, iyayensu suka ce Allah ne bai ba su ba?"

Tsohon ya sunkuya ya ɗauki kakin da ya faɗi.

"Ba na son kyautarka. Jikana nake so, ko yaya yake."

"Ba ki san abin da zai fito ba."

"Kai ma ba ka sani ba."

Nan take tsohon ya kumbura. Farar rigar ta yage, kansa ya taɓa rufin rumbu, idanunsa suka zama kamar bakin murhu, numfashinsa ya ƙona mata gira. "Ki taɓa murfi ɗaya," in ji shi, muryarsa tana girgiza tukwane, "duk wanda ya mutu a Tudun Kanya daga yau, a wuyanki yake."

Amma Ladingo ta lura duk girman nan nasa bai matso ko taki ɗaya ba, bai kuma miƙo hannu ba. Tukwanen na gidan su Ladingo ne, hannun zuriyarsu ya gina su, ba shi da iko ya shiga tsakaninta da su.

"Rai da mutuwa ba a wuyana suke ba, ba kuma a tukunyarka ba," ta ce. Ta yi bisimilla, ta sa babban yatsa ta ɓalle kakin tukunyar da ke kusa da ita.

Ƙamshin wani 'ya'yan itace da ba ta taɓa ci ba ya fito. Ta buɗe ta biyu, fara ta taso ta rufe mata fuska. Ba ta tsaya ba. Ta uku waƙa ce da harshen da ba ta sani ba. Ta gaba zazzaɓi, ta ji zafinsa ya gifta ta kuncinta. Sai wani launi tsakanin shuɗi da ja wanda ba ta da sunan da za ta kira shi. Da ta ga buɗewa da hannu ba zai ƙare ba, ta sa kafaɗa ta ture jerin ƙasa. Tukwane suka rikito suna fashewa, jere na jan jere. Guguwa ta tashi cike da kuka da guɗa da ƙugin tsawa da haniniyar dabbobin da ba ta sani ba, ta sure Ladingo ta yi sama da ita. Abu na ƙarshe da ta gani shi ne Tabbatau ya koma ɗan tsohonsa, zaune a cikin kasake, yana bin abubuwan nan da kallo bakinsa a buɗe.

Rijiya ta tofo ta a tsakiyar gari, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, a lokacin da ba a taɓa yin ruwa ba. Mutane na gudu ba su san inda za su ba. Ladingo ta ja ƙafa zuwa ɗakin Kuluwa, ta tarar naƙuda ta kama ta gadan-gadan. Aka sha wuya, har an fara fid da rai, kafin la'asar Allah ya sauke ta lafiya. Mace ce, da yatsa shida a kowane hannu, idanunta a buɗe tana bin kowa da kallo.

Abin da ya biyo baya bai zo da sauƙi ba. Fara ta cinye dawar da ba a kai ga shigarwa rumbu ba. Zazzaɓi ya shiga gari, ya ɗauki tsofaffi da yara, har da ƙanen mai gari. Aka jefi ƙofar Ladingo da duwatsu, mata suka daina gaishe ta. Aka kira ta gaban Barmo, jama'a cike da fili, wasu na cewa a kore ta.

"Kin ga abin da kika jawo?" in ji Barmo. Idanunsa sun yi ja don kuka.

"Na gani, ranka ya daɗe. Da ni aka wanke gawarwakin, kuma har in mutu ba zan manta fuskokinsu ba. Allah ya ji ƙan ɗan'uwanka. Amma in kuna jira in ce na yi nadama, za ku daɗe a tsaye. Ko yau aka mai da ni rumbun nan, sai na sake ture su. In korata za ku yi, ku kore ni, sai dai ku sani ba mai sake gina wa kowa murfi."

Ba a kore ta ba, ba a kuma yafe mata nan da nan ba. Ranaku suka yi ta zuwa, kowace da kamarta. Wata rana fatake suka ɓullo ta cikin duwatsu da raƙuma, yara suka bi su suna tambayar ko mene ne wannan. Wata tsohuwa a cikin baƙin ta nuna saiwar da ke kwantar da zazzaɓin. Wani makiyayi ya tashi da wata waƙa a bakinsa, kafin yamma gari ya ɗauka. Ladingo ta cika tsakar gidanta da abubuwan da ba su da suna, wasu suka fashe a wuta, wasu ba su da amfanin komai, wasu kuwa fatake suka yi ta rububinsu.

Wata safiya tana zaune tana cuɗa yumɓu, jikarta a cinya, sai ga Barmo ya yi sallama shi kaɗai. Ya rame, ya tsufa. Ya tsaya yana jujjuya sandarsa.

"Ladingo, ruwan nan ya tsaga dutsen gabas. An ce wani rafi ya ɓullo, kuma akwai hanya ta bayansa da ba wanda ya taɓa bi. Jama'a sun taru suna jira in gaya musu abin da ke can." Ya dube ta. "Ke da kika je ƙasar aljannu, me ke bayan dutsen nan?"

Ladingo ta goge hannunta a zani, ta goya yarinyar, ta ɗaure majanyi tam.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe," ta ce. "Riƙe sandarka da kyau, mu je mu gani."

Nan labarin Ladingo ya tsaya a bakin waɗanda suka ba mu shi. Abin da suka tarar a bayan dutsen, Allah ne masani.